Ƙira, Qira da Kira: Hotunan da Suka Ƙi Amsa Sunansu

A cikin malaman sashen, shi aka fi sani da yawon maƙera. Ya shafe shekaru yana bin maƙeran baƙi da na fari a ƙasar Kano da Katsina, har ya ƙetara Damagaram, yana ɗaukar hoton kowane kayan aiki, yana kuma karɓar sunansa daga bakin masu shi. Hoton kansa ba abin tinƙaho ba ne a wurinsa, domin kowa na iya ɗaukar uwar maƙera ko zugazugi. Abin da ya ci masa dare da rana shi ne laƙabin da ya riƙa liƙa wa kowane hoto a kwamfuta: sunan abin, garin da aka same shi, da aikin da tsohon maƙerin ya ce ana yi da shi. A cikin waɗannan laƙuba binciken yake.

Da lokaci ya yi na zaɓar hotunan littafinsa, ya sauya kwamfuta. Ya rubuta ƙira a gurbin nema, sai 'yan ƙalilan suka bayyana. Ya nemi awartaki, ya nemi muntalaga, duk labarin ɗaya ne. Hotunan kuwa suna nan, dubbai, kowanne da lambar da kyamara ta ba shi, amma sun ƙi amsa sunansu.

Matsala ta farko ba ta yi wuyar ganowa ba. Windows yakan dogara ne da wata fihirisa da yake ginawa a ɓoye, kuma wuraren da aka nuna masa kaɗai yake shigarwa a cikinta. Faifan ajiya na waje, inda malamin ya tara hotunansa, ba ya cikin waɗannan wurare sai an ƙara shi. Ya ƙara, ya umarci a sake gina fihirisar, ya bar na'urar a kunne har gari ya waye. Da safe awartaki da muntalaga suka dawo. Ƙira kuwa ta ci gaba da noƙewa.

A nan ne al'amarin ya daina zama na masu gyaran kwamfuta, ya koma na masu nazarin harshe. Da ya buɗe bayanan wani hoto ya duba da kyau, sai ya ga an rubuta qira. Shi da kansa ya rubuta. Kamar yawancin tsararsa, hannunsa ya saba da wani fontin Hausa, inda ake danna q a ga ƙ, a danna x a ga ɗ, a danna v a ga ɓ. Wannan dabara ta yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa a zamanin da babu wata hanya, sai dai riga ce kawai ake sanya wa harafi. A ƙarƙashinta q tana nan q, kuma gurbin laƙabi ba ya sanya wa kowa riga. Abin mamaki shi ne ya daɗe yana ganin qira a wurin bai taɓa tsayawa ba, domin idon masanin Hausa ya riga ya koyi karanta q da ƙ ba tare da ya sani ba. Sabuwar kwamfutarsa kuwa tana rubuta ƙ ta ainihi, wadda ke da lambarta ta kanta a tsarin Unicode, kuma babu abin da ya haɗa ta da q. Ɗaliban da suka taya shi aiki sun ƙara nasu: wani ya rubuta k'ira, wani ya bar ta kira, wadda kalma ce dabam gaba ɗaya. Sana'a ɗaya, rubutu huɗu. Duk wanda ya taɓa neman ƙa'ida a cikin kundin da aka buga da qa'ida ya san wannan ciwon, kuma kundayen digiri da ke cikin wannan hali ba kaɗan ba ne.

Gyaran wannan na haƙuri ne kawai. Ya nemi kowane rubutu dabam, ya tattara, ya mayar da su ƙira, ya kuma sanya sunan abin a cikin sunan fayil ɗin kansa, inda kowace na'ura za ta gan shi.

Ragowar matsalar ita ce mai ɗaci. A farkon aikinsa ya yi amfani da Picasa, manhajar da aka dakatar a shekarar 2016, ya rarraba hotuna cikin kundaye masu suna. Sunayen kundayen suna cikin rumbun manhajar ne, ba a jikin hotunan ba, don haka suka tafi da tsohuwar kwamfutar. Wasu hotunan kuma asalinsu ya salwanta, sai kwafin da ya taɓa tura wa abokan aiki ta WhatsApp, wanda kan cire bayanan da ke cikin hoto idan ba a matsayin takarda aka aika shi ba. Mafi yawansu ya gane su da ido, ya sake raɗa musu suna. Amma akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai baki biyu da ya ɗauka a wata maƙera a Damagaram, wanda dattijon wurin ya faɗa masa sunansa, har ya sa shi ya maimaita. Dattijon ya rasu, sunan kuma ya fita daga kan malamin. Ya nuna hoton ga ɗalibansa 'ya'yan maƙera, ya sami suna uku mabambanta, babu wanda ya yi masa kama da abin da kunnensa ya ji. Ya rubuta dukkan ukun a jikin hoton, kowanne da garin wanda ya faɗe shi.