Cukun Bulgeriya

Plovdiv, Bulgeriya

Yaya,

 

Na ji an ce wa Inna wai a nan wanda bai ci alade ba yunwa ce ajalinsa. Ki kwantar mata da hankali. Aladen kam ya cika kasuwa, amma ƙasar nan ta nono ce. Kindirmonsu, ko na ruga sai ya yi da gaske.

Abin da ya riƙe ni wani cuku ne mai ruwan ɗorawa, kashkabal, na nonon saniya ko na tunkiya. A yanka shi kaurin yatsa, a birkita a fulawa, a tsoma a ruwan ƙwai, a bi da garin busasshen burodi, sai cikin mai. Shi ne kashkabal pane. Bayansa rumus, cikinsa yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa, amma in ya huce ya zama roba. Ranar da na fara ci awarar ƙofar gidanmu ta faɗo mini, har na nemi yaji. Sai ga wani zaƙi-zaƙi na 'ya'yan itace a gefen faranti. Zaƙi a kan gishiri, Yaya! A wurinsu abin taɓawa ne kafin abinci, galibi da giyarsu rakiya. Ni da burodi da shayi na ƙoshi.

Maƙwabciyata ce ta koya mini suyar, tsohuwa sa'ar Inna, ita kaɗai a gida, 'ya'yanta duk suna Jamus. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ɗan Kawu da zai zo karatu, ki gaya masa ya riƙa tambaya ko an soya alade a man. Ya kuma kula, in sun gyaɗa kai sama da ƙasa a'a suke nufi, in sun kaɗa shi gefe da gefe, e. Na taɓa tambayar wata mai abinci, ta gyaɗa kai, na tashi na bar cukuna da zafinsa, ashe cewa take babu. Masallacin Juma'a kuma yana tsakiyar gari, tun zamanin Turkawa da suka mulki ƙasar har 1878.

Sanyi dai sai haƙuri. Ki gaida Inna da yara. In ɗan Kawu zai taho a ba shi yajin ƙuli, gwangwani biyu.

Ƙanenki.