Ranar Da Kogin Kubanni Ya Kawo

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ku yi mini haƙuri. Wani abu ne ya faru a gidana a nan Kwangila, ya fama mini mikin da na yi fiye da shekara 30 ina rufewa.

Ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i ina gyaran rubutu, sai babban ɗana, ɗan shekara 14, ya zo ya tsuguna ya miƙo mini waya ya ce, "Abba, don Allah kalli wannan." Na karɓa ina zaton ƙwallo ce. Sai na ga teku ta miƙe tsaye kamar dutsen Kufena, ga wani ɗan tahaliki bisa siririn allo yana gangarowa daga ƙololuwarta, ruwan na biye da shi yana neman rufta masa. Ban san lokacin da na yi salati ba. Yaron ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Abba, ni fa iyo kawai nake so ka bar ni in koya." Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa irinta ba, ya tashi sum-sum ya shige ɗaki. Uwarsa ta dube ni ba ta ce uffan ba, don ta san dalili.

Daminar 1992 ina ɗan shekara 13. A lokacin idan aka kwana ana ruwa, da gari ya waye sai labari ya zaga unguwa cewa Kubanni ya kawo. Mukan sulale mu ɗauki tsofaffin jarkoki da tayar mota ta ciki, mu faɗa daga sama, ruwa ya kwashe mu a guje muna ihu, sai mun kai wata kwana mu kama reshe mu fito. Wallahi har yau ban ɗanɗani daɗi irin na wannan gudun ba. Ranar wata Asabar ƙanena mai bi mini ya biyo mu, ya tsaya a gaɓa yana kallo. Ni ne na ce masa matsoraci, ni ne kuma na miƙa masa jarkata. Murfinta ya cire a tsakiyar ruwa. Wasu masu ɗiban yashi ne suka fito da shi can ƙasa, aka yi ta danna masa ciki, wani ya ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwan ya zuba. Kafin azahar an yi masa sutura. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, tsautsayi kawai take cewa. Shirun nata ya fi mini bulala zafi.

A daren nan barci ya ƙaurace mini, na ɗauki wayar na shiga neman labarin mutanen da ke wasa da abin da ya ci ƙanena.

Ashe hawan igiyar ruwa tsohuwar al'ada ce ta mutanen tsibirin Hawai, sarakunansu ma suna da alluna nasu na musamman. Turawan da suka raka Kyaftin Cook sun gan su a 1779 sun rubuta. Bayan zuwan 'yan mishan a 1820, da cututtukan da suka ƙarar da jama'a, wasan ya kusa mutuwa, sai da wani ɗan ƙasar, Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a gasar iyo ta Olamfik a 1912, ya farfaɗo da shi, har ya kai shi Ostareliya a ƙarshen 1914. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun a shekarun 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya rubuta yadda ya ga yara bisa alluna cikin teku a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau. Mu ma nan Arewa wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, da aka fara a 1934, ya ga yadda Kabawa ke kifewa a kan gora suna ratsa Matan Fada kamar suna tafiya a tudu.

Su kuwa masu neman manyan igiyoyi, a 1957 Greg Noll da abokansa suka kuskura suka hau ta Waimea a Hawai, wadda kowa ke tsoro. A farkon shekarun 1990 su Laird Hamilton suka ƙirƙiro dabarar jan mutum da igiya a bayan ƙaramin jirgi mai inji, daga baya babur ɗin ruwa, a cilla shi cikin igiyar da hannu ba zai iya cimma ba. Wadda ɗana ya nuna mini a garin Nazare ne na ƙasar Fotugal, inda wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 5,000 a ƙarƙashin teku ke tattaro ƙarfin ruwa ya tunkuɗo shi gaɓa. Garrett McNamara ya hau mai tsayin ƙafa 78 a can a 2011, sannan a watan Oktoba na 2020 wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau mai ƙafa 86, wato mita 26, kamar bene mai hawa takwas.

Ruwa kuwa bai bar su haka nan ba. Ya ci Mark Foo a Kalifoniya a Disambar 1994, ya ci Marcio Freire a Nazare a Janairun 2023. Amma labarin da ya sa na ajiye wayar na yi kuka shi ne na wata 'yar Brazil, Maya Gabeira. A Oktobar 2013 igiyar Nazare ta danne ta, aka fito da ita a sume ba ta numfashi. Abokin aikinta Carlos Burle ya jawo ta gaɓa, aka danna mata ƙirji, aka hura mata iska a baki, ta farfaɗo. A 2020 ta koma wurin ta hau igiya mai ƙafa 73 da rabi.

Ya kai mai karatu, na yi imani da ƙaddara, kuma na san kwanan ƙanena ne ya ƙare. Sai dai na ga bambancinmu da su. Su suna koyon riƙe numfashi, suna sa rigar da ke taso da mutum sama, ba sa shiga sai da mai tsaro a kusa, kuma sun iya farfaɗo da wanda ya nutse. Mu ciki muka danna maimakon ƙirji, ba wanda ya san a hura masa iska. Abin da muka iya shi ne hani da bulala, yara kuwa ba su fasa sulalewa ba. Da jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano a Nuwambar 2021, yawancin waɗanda suka rasu 'yan Islamiyya ne, kuma ba wasa suka je yi ba.

Da asuba bayan mun dawo daga masallaci na kira ɗana, na ba shi labarin baffansa da bai taɓa ji ba, har da maganar jarkar. Ya yi shiru, can ya ce, "Abba, ka yi haƙuri, na fasa." Na ce masa a'a. Zai koya, amma a wurin wanka mai malami da mai tsaro, ba a Kubanni ba, kuma tare za mu koyi yadda ake farfaɗo da wanda ruwa ya ci. Ranar farko da na raka shi, yana sa ƙafa a ruwa na ji gwiwoyina sun saki, na nemi benci na zauna. Har yanzu duk ranar da zai je sai gabana ya faɗi, amma ni nake kai shi.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ƙanena a addu'a. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana zuri'a, amin.