Ranar da na kai 'yata Hubbaren Shehu

'Yar'uwa, daga Talata Mafara, Bakura ko Maradun, Sakkwato ba nisa, amma fita da yara sai da shiri. Tun da aka ba 'yata tarihin Nana Asma'u a Islamiyya ta dame ni sai na kai ta inda take kwance.

Sammako muka yi, don kin san halin hanyarmu, ba mai son yamma ta yi masa a Tureta. Daga tasha muka hau Keke Napep. Kina cewa Hubbare kowane direba ya sani, yana tsohon gari, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi.

A bakin ƙofa, cikin cunkoson masu ziyara da mabarata, hannunta ya kuɓuce mini. Na rinƙa ƙwala kira, gwiwata ta yi sanyi, har na hango ta riƙe da zanen wata tsohuwa.

Mun shiga, mun yi wa Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da 'yarsa Asma'u addu'a.

In za ki je, ki rubuta lambar wayarki ki sa wa yaro a aljihu, ki kuma juyo kafin la'asar. Ke fa, kin taɓa kai naki?