Wasan Ɓuya a Bakin Matsirga

A shekarar 2000, da Amurka ta daina dusashe wa farar hula saƙon taurarin GPS, wani mutum a jihar Oregon ya ɓoye bokiti a daji, ya shelanta lambobin wurin, ya ce a nemo. Daga nan wasan ya game duniya. Wasu kuwa tattaki suke yi, waya na bin sawunsu, har sawun ya zana kifi bisa taswira.

Mun yi sha'awar gwadawa a Matsirga, inda ruwa ke kwararowa daga dutse kusa da Kafanchan. Amma fa ƙasar nan ba ta ɗaukar wannan da wasa. Mai laluben gindin duwatsu, mahaƙan gumakan Nok na shekarun 1990 yake tuna wa dattawa. Baƙon da ke kai-kawo a bayan gari yana duban waya kuwa, bayan hare-haren da aka sha, kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa. Don haka sai da muka gaida mai unguwa, ya haɗa mu da ɗan rakiya. Kifinmu ya fito gundul, domin wutsiyarsa ta faɗa gonar citta, yaron ya ce nan ba a bi.