Molon Baba

Ranar da aka raba gadon Baba a Maiyama, ba wanda ya kalli molonsa. Ni na ɗauke shi na jefa bayan sif. Tun ina sakandare nake ɓoye cewa ubana makaɗi ne. Ko a littattafaina ban taɓa sa ɗan maroƙi ya zama jarumi ba.

Kwanaki ƙanena ya zo daga Jega ya ce, "Yaya, kawo molon ga a kankare shi a yi mai fenti, ko ya yi kuɗi." Har na amsa.

A daren ɗana ya nuna mini wata jitar lantarki mai kaurin murya a wayarsa, irin wadda kamfanin Fender na Amurka ya fara yi a 1951. Sabuwa ce fil, amma duk ta kwarzane. Ashe tun 1995 suke ƙera sababbi, su goge fentin, su dusashe ƙarfen da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma sun fi na gama-gari tsada!

Jikina ya yi sanyi. Na jawo molon na kakkaɓe. Ga gurbi baƙi ƙirin a wuyansa inda yatsun Baba suka ci icen, shekara da shekaru yana bin bukukuwan Aliero da Jega don ya biya mini kuɗin makaranta. Sai hawaye.

Da safe na ce wa ƙanena a bar shi haka. Yanzu yana rataye a ɗakina, kuma jarumin littafin da nake rubutawa ɗan makaɗi ne. Allah ya jiƙan Baba.