Hinkley, ƙauyen da rijiyoyinsa suka ɓaci

Hinkley wani ƙauye ne cikin hamadar Kalifoniya, ƙasar Amurka. Ruwan rijiya mutane da shanu suke sha, da shi ake ban ruwan gonakin ciyawa.

Kusa da ƙauyen akwai injunan kamfanin iskar gas, PG&E. Daga 1952 zuwa 1966, kamfanin ya yi ta zuba wani magani mai suna kuromiyom cikin ruwan sanyaya injuna, don hana tsatsa. In an gama, sai a kwarara ruwan cikin tafkuna marasa daɓe. Rairayi ya shanye, dafin ya gangara har ya tarad da ruwan rijiyoyi.

Wannan dafi yana lahanta ciki da hanta da ƙoda, yana iya jawo ciwon daji. Abin tsoro, sau da yawa ido ba ya ganinsa, tafasa ruwa kuma ba ya fid da shi.

Mutane suka kai ƙara. A 1996 kamfanin ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 333, amma dafin yana nan ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin ya saye gidaje da yawa ya rushe, jama'a suka watse. A 2015 aka rufe makarantar ƙauyen, don yara sun yi kaɗan.