Mazan Jiya na Yaƙin Burma

A unguwarmu ta kusa da hasumiyar Gobarau akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba Saje. Gadi yake yi a wani kanti, amma duk ranar 15 ga Janairu sai ya zama wani mutum daban. Tun da asuba zai goge lambobin yabonsa da toka da lemon tsami, ya maƙala su a ƙirji, ya kama hanyar wurin faretin tunawa da 'yan mazan jiya. Mu yara mu bi shi a baya muna buga ƙafa, har sai ya waiwayo ya daka mana tsawa.

Da daddare kuwa, in ya sha shayi, bakinsa ya buɗe. Labarin jirgin ruwan da ya kwashe su daga Ikko zuwa Indiya, da dajin Burma inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke tsotse jinin ƙafa ta cikin takalmi. Babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar harsashi da abinci, jirgin sama na jefo musu sauran. Abin da ya fi yawan maimaitawa shi ne ranar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai wa sojojin ziyara can. Yakan ce da ya hango rawani sai ya ji kamar a Ƙofar Soro yake tsaye.

Lokacin muna ɗauka rabin zancen ƙari ne irin na tsofaffin soja. Ashe runduna biyu ce sukutum ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi wa Ingila yaƙi da Japan, su ne kuma suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Barikin Dodan da na Myohaung a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga wannan yaƙi suka samo suna. Mutum nawa ne ke wucewa ta ƙofarsu ya san haka?

Dubi yadda wasu ke tunawa da nasu. Wata guda bayan Myohaung, Amurka ta afka wa tsibirin Iwo Jima na Japan, ta rasa soja kusan 7,000. A 1954 aka buɗe musu katafaren wurin tunawa a Arlington, har gobe ana kai 'yan makaranta. Namu da suka faɗi ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a Burma, cikin sunaye wajen 27,000, inda jikokinsu ba za su taɓa zuwa ba.

Ba na cewa a sassaƙa mana gunki. Ba al'adarmu ba ce, ko kabarin sarki ba mu cika yi wa ado ba. Amma rubuta suna ai ba haramun ba ne. Garin da ya san darajar Janar Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa bai kamata ya manta da kurtun da ya riga su sa kaki ba.

Baba Saje ya rasu, Allah ya jiƙansa, lambobin ma ban san hannun da suka faɗa ba. Wanda duk ke da irin wannan kaka, ya nemo takardar sallamarsa da hotonsa tun gara ba ta cinye su ba, a haɗa a kai gidan tarihi na Katsina, a rubuta sunayensu inda yaranmu za su karanta.